Mayar da Ƙaramin Injin Sassaƙa Ƙarfe Ƙarƙashin Kwamfuta: Yadda Ake Yi, da Abin da Ke Bayansa

Injin sassaƙa ƙarfe na farko da ya yi aiki da umarnin lambobi ba a ƙera shi daga tushe ba. Inji ne irin wanda masana'antun Amurka ke amfani da shi a lokacin, ƙirar kamfanin Cincinnati, samfurin Hydro-Tel. Injiniyoyin jami'ar MIT ne suka ɗaura masa na'urorin tuƙi, suka sa shi bin umarnin da aka huda a kan doguwar takarda, suka nuna shi ga jama'a a 1952. Ke nan fasahar da duniya ta sani yau da suna CNC, wato sarrafa inji da lambobi ta hanyar kwamfuta, da sauya tsohon inji ta fara.

Abin da a wancan lokaci ya buƙaci kuɗin rundunar sojin sama da ɗaki cike da kayan lantarki, yau mutum ɗaya na iya yin sa a kan teburi, da ƙaramin inji, da moto uku, da tsohuwar kwamfuta. Dubban masu ƙananan wuraren ƙira a Amurka da Turai da Asiya sun yi hakan. Sai dai aikin ya wuce ɗaura moto a inda hannu yake murɗawa. Ma'aikacin hannu yana rufa wa injinsa asiri a kan aibobi da dama ba tare da ya lura ba, kuma ranar da aka janye hannun nan, aibobin duka sai su fito fili. Wannan bayani ya duba yadda ake sauyin, da inda ake tuntuɓe, da dalilin da ya sa gwamnatoci ke sa ido a kan irin waɗannan injuna.

Wane inji ake nufi?

Injin sassaƙa ƙarfe, wanda masu sana'a ke kira miling, yana da wuƙa mai haƙora da ke juyawa da sauri, ana tura mata ƙarfen da aka matse a kan teburi tana sassaƙarsa. Da shi ake fitar da fuska mai santsi, da rami, da kwari, da haƙoran giya, da zubin da ake ƙera wasu kayayyaki a ciki. Tafiyarsa a kan layi uku take: teburi ya tafi hagu da dama, wannan shi ne X, ya matso gaba ko ya koma baya, shi ne Y, kan injin kuma ya hau ko ya sauka, shi ne Z. Kowane layi yana da dogon sukuru da ke ratsa wani noti, da hannun murɗawa mai zanen awo a ƙarshensa.

Manyan injunan hannu irin na Bridgeport nauyinsu ya kusa tan ɗaya. Na teburi kuwa ƙanana ne. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne X2 na kamfanin Sieg da ke Shanghai a ƙasar Sin, wanda bai kai kilo 100 ba, kuma 'yan kasuwa irin su Harbor Freight da Grizzly sun riƙa sayar da shi a Amurka da sunayensu da fentinsu. Sai G0704 na Grizzly, wanda ya ɗan haura kilo 100, kuma ya zama abin so ga masu sauyi saboda teburinsa ya fi tsawo. Akwai kuma Sherline da Taig, ƙirar Amurka, waɗanda suka fi dacewa da ƙananan ayyuka irin na agogo da kayan awo.

Nauyi ba ado ba ne a wannan sana'a. Yayin da wuƙa ke cizon ƙarfe, ƙarfen ma yana ture ta, kuma inji marar nauyi yakan lanƙwashe kaɗan ya yi karkarwa. Kwamfuta ba ta ƙara wa inji ƙarfin jiki ko kaɗan, shi ya sa zaɓen injin da za a sauya shi ne hukunci mafi girma a cikin aikin gaba ɗaya.

Daga fiffiken jirgi zuwa gareji

Labarin ya faro ne da John Parsons, mai masana'anta a Traverse City ta jihar Michigan, da injiniyansa Frank Stulen. A ƙarshen shekarun 1940 suna ƙera fikafikan jirgi mai saukar ungulu, sai suka riƙa amfani da injin lissafi mai katin huji wajen fitar da jerin lambobin da ma'aikata za su bi su yanka siffa mai lanƙwasa. A 1949 rundunar sojin saman Amurka ta ba Parsons kwangila, shi kuma ya nemi taimakon MIT, wadda daga bisani ta karɓe ragamar aikin. A 1985 Shugaba Ronald Reagan ya ba Parsons da Stulen lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha.

Akwai wata hanya ta dabam da aka gwada a wancan zamani, musamman a kamfanin General Electric: ƙwararren ma'aikaci ya yanka kaya na farko da hannunsa, na'ura ta naɗi motsinsa a kan faifan maganaɗisu, sannan inji ya riƙa maimaitawa. Masanin tarihi David Noble, a littafinsa Forces of Production na 1984, ya kafa hujjar cewa an yi watsi da wannan hanya ne ba don gazawarta kaɗai ba. A ganinsa, ta bar ilmin aikin a hannun ma'aikaci, alhali hanyar lambobi tana ɗauke shi ta kai ofishin injiniyoyi da manajoji, abin da ya yi daidai da muradin sojoji da na shugabannin kamfanoni a lokacin da ƙungiyoyin ƙwadago ke da ƙarfi. Wasu masana sun yi masa jayayya, suna cewa siffofin sassan jirgin yaƙi sun fi ƙarfin hannun mutum. Duk da haka tambayar da ya ɗago tana nan daram: idan inji ya koma bin umarni, wa ke rubuta umarnin?

Shekaru da dama amsar ita ce manyan kamfanoni. Na'urorin sarrafawa irin na Fanuc ta Japan, wadda ta ɓalle daga Fujitsu a 1972, da na Siemens ta Jamus, tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin maƙeri. Abubuwa uku ne suka karya wannan shinge. Na farko, kwararowar injuna masu araha daga Taiwan da Sin. Na biyu, faɗuwar farashin kwamfuta. Na uku, manhajar sarrafawa da kowa zai iya samu. A shekarun 1990 hukumar awo da ma'auni ta Amurka, NIST, ta rubuta manhaja mai suna EMC, kuma da yake aikin gwamnatin tarayya ne sai ta zama mallakar jama'a. Masu sa kai suka ci gaba da ita har ta zama LinuxCNC ta yau. A Kanada, Art Fenerty ya rubuta Mach3 mai aiki a kan Windows. A 2009 kuma wani ɗan ƙasar Norway, Simen Svale Skogsrud, ya fitar da Grbl, wadda ke aiki a kan ɗan allon Arduino da bai kai tafin hannu ba.

Matsala ta farko: lako-lakon sukuru

Tsakanin zaren sukuru da zaren noti dole akwai 'yar tazara, in ba haka ba ba za su juya ba. Idan aka murɗa hannu zuwa dama, sannan aka juya hagu, sukurun zai ɗan yi juyin banza kafin teburi ya motsa. A ƙananan injuna wannan lako-lako yakan kai kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita, wani lokaci fiye, wato ya ɗara kaurin gashin kai. Ma'aikacin hannu ya san da shi, don haka kullum yana tunkarar awonsa daga ɓangare ɗaya, yana kuma ƙulle layin da ba ya amfani da shi. Kwamfuta kuwa juyin moto take ƙirgawa, ba ta ganin teburi. Idan aka umarce ta ta yanka da'ira, kowane layi zai sauya alkibla sau biyu, kuma a wurare huɗun nan za a ga tabo a jikin aikin.

Maganin da aka fi bi shi ne cire sukurun asali a sa mai 'ya'yan boris. A irin wannan, ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne ke gangarawa tsakanin sukuru da noti suna zagayowa ta wata 'yar hanya, don haka gogayya ta ragu ƙwarai, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin moto yana isa teburi. Wanda aka fi sa wa injunan teburi shi ne mai lamba 1605, ma'ana kaurinsa milimita 16, kuma kowane juyi ɗaya yana tura teburi milimita 5. Mai daraja C7, wanda shi ne mai araha, an yarda ya kauce da milimita 0.05 a cikin kowace tafiyar milimita 300. Shi ma yakan zo da ɗan lako-lako, shi ya sa wasu ke sa noti biyu masu ture juna, wasu kuma su canza ƙwallayen da waɗanda suka ɗan fi girma. Manhajojin sarrafawa suna da tsarin rama lako-lako ta hanyar ƙara juyi a duk lokacin sauya alkibla, amma wannan rage zafi ne kawai, domin wuƙa na iya fizgar teburin cikin tazarar nan a tsakiyar yanka.

Ƙarshen sukurun ma sai an kafe shi da boris guda biyu masu fuskantar juna, irin waɗanda ke jure turi ta tsawo. Wanda ya sayi sukuru mai kyau ya ɗaura shi a kan boris marar kyau, ya kori lako-lako ta ƙofa ya dawo masa ta taga. Sau da yawa notin sabon sukuru ya fi gurbin da ke ƙarƙashin teburi girma, sai an sassaƙe ƙarfen zubin injin kafin ya shiga. A nan ake samun wani abin dariya da masu wannan aiki suka saba da shi: injin da za ka yi gyaran da shi, shi ne wanda ka ƙwance. Don haka masu dabara suna ƙera dukkan mazaunin moto da na boris tun injin yana haɗe, ko su sayi kayan sauyi da aka riga aka ƙera.

Sabon sukuru yana kawo haɗari guda. Saboda santsinsa, nauyin kan injin na iya juya shi da kansa, ta yadda da zarar an ɗauke wuta kan zai sulalo ƙasa ya soke wuƙa a cikin aiki ko teburi. Ana tare wannan da sandar gas irin mai riƙe murfin bayan mota, ko da nauyin da ke rinjaya ta baya, ko da moto mai birki.

Sai hanyoyin da teburi ke zamewa a kansu. Akwai wani siririn ƙarfe da ake matsawa don daidaita su: in ya yi sako-sako teburi ya yi rawa, in ya matsu da yawa moto ya kasa ja. Hannun mutum yana jin inda hanya ta yi tauri ya ƙara ƙarfi, moto ba ya ji. Haka kuma injin da kwamfuta ke tuƙawa yana kai da komo sau ɗaruruwa fiye da na hannu, don haka yana buƙatar mai a kai a kai da rufin da zai hana ɓarɓashin ƙarfe shiga cikin notin boris.

Moto da lissafin taku

Yawancin masu sauyi suna amfani da moto mai taku, wato ƙaramin injin lantarki da ke juyawa daki-daki, ba ɗungurungum kamar na fanka ba. Wanda aka saba da shi yana yin taku 200 a juyi ɗaya, kowane taku digiri 1.8. Girmansa ana faɗinsa da lambar NEMA: mai lamba 23, wanda faɗin fuskarsa kusan milimita 57 ne, ya ishi X da Y a yawancin injunan teburi, wasu kuma sukan sa mai lamba 34 a kan Z saboda nauyin kan inji.

Lissafin mai sauƙi ne. Da sukuru mai tura milimita 5 a juyi, taku ɗaya na tafiyar da teburi milimita 0.025. Na'urar da ke tuƙa moton tana iya raba kowane taku gida takwas, sai juyi ɗaya ya zama bugun lantarki 1,600, wato bugu 320 a kowace milimita. Wannan lamba ita ake shigarwa cikin manhaja. Idan ana so teburi ya yi gudun milimita 1,500 a minti ɗaya, sai an aika bugu 8,000 a kowace daƙiƙa, a kan lokaci, ba tare da tangarɗa ba. Amma kada lambobin su ruɗi mai karatu. Raba taku yana sa tafiya ta yi laushi, ba ya sa injin da ƙarfensa ke lanƙwashewa ya yi daidai har zuwa kashi ɗaya cikin 320 na milimita.

Babban raunin wannan moto shi ne ba ya kawo rahoto. Kwamfuta ta aika bugu dubu, ta ɗauka an yi taku dubu. Idan wuƙa ta cije ko hanya ta yi tauri moton ya tsallake wasu, duk abin da za a yanka bayan nan zai goce, kuma ba wanda zai sani sai aiki ya lalace. Ƙarfin moton ma yana raguwa idan gudunsa ya ƙaru, abin da ya sa ake ba shi wuta mai ƙarfin volt 36 zuwa 48 ta hannun na'urorin tuƙi irin su G540 ta Geckodrive ko DM542 ta Leadshine. Yanzu akwai moto mai taku da ke ɗauke da ma'aunin juyi a bayansa, wanda ke gyara kuskure ko ya tsayar da injin ya ba da gargaɗi. Ya fi tsada, amma ga wanda ke yanka kayan mutane, kuɗin na dawowa.

Tsakanin kwamfuta da na'urorin tuƙi akwai allon sarrafawa. A da, ana amfani da tsohuwar kafar firinta mai fil 25 da ke bayan kwamfuta. Da ta ɓace daga sababbin kwamfutoci, sai aka koma ga alluna masu fitar da bugun da kansu, irin su na Mesa masu aiki da LinuxCNC, da SmoothStepper mai aiki da Mach, da Acorn na kamfanin Centroid.

Abubuwa uku ba a tsumulmula a kansu. Na ɗaya, jan maɓallin tsayawar gaggawa, wanda ya kamata ya yanke wutar moto kai tsaye ba sai ya nemi izinin manhaja ba. Na biyu, makunnan iyaka a ƙarshen kowane layi, waɗanda ke hana teburi karo, kuma da su injin ke gane mafarinsa duk lokacin da aka kunna shi. Ana haɗa su ta yadda ko waya ce ta tsinke injin zai tsaya. Na uku, wayoyi masu rigar kariya da haɗin ƙasa mai kyau, domin hayaniyar lantarki daga moton da ke juya wuƙa na iya shiga wayar umarni ta zama bugun ƙarya.

Harshen da inji ke ji

Aiki yana bin matakai uku. Da farko a zana kayan a manhajar zane. Sannan wata manhajar ta lissafa hanyar da wuƙa za ta bi, da zurfin kowane yanka, da saurinsa. Daga nan ta fitar da jerin umarni da ake kira lambobin G, harshen da aka daidaita a Amurka tun shekarun 1960 da sunan RS-274, daga baya ya zama ISO 6983. G0 na nufin a ruga zuwa wuri ba tare da yanka ba. G1 yanka ne a miƙe. G2 da G3 yankan baka ne, ɗaya ta hannun agogo ɗaya akasinsa. M3 ya kunna juyin wuƙa, M5 ya kashe. G21 na cewa awon milimita ne, G20 kuma inci. Wanda ya rikita waɗannan biyu, injinsa na iya yin yunƙurin tafiya ninki 25 na abin da ya nufa.

A nan ma tambayar Noble ta sake ɓullowa. Masu ƙananan wuraren ƙira da yawa sun dogara da Fusion 360 ta kamfanin Autodesk, wadda ake ba masu aikin kansu kyauta. A 2020 kamfanin ya rage abin da lasisin kyautar ke bayarwa, ciki har da gudun G0 da sauya wuƙa kai tsaye. Mutanen da suka ƙera injinsu da hannunsu suka wayi gari wani kamfani ya rage masa gudu daga nesa. Wannan ya tura wasu zuwa FreeCAD, wadda ba ta da mai ita, ko da yake koyonta ya fi wuya. LinuxCNC kuwa ta nuna cewa manhajar jama'a na iya riƙe aikin kasuwa, domin a kanta kamfanin Tormach na jihar Wisconsin ya gina PathPilot da yake sayar da injunansa da ita.

Abin da sauyin ba ya warwarewa

Saurin juyin wuƙa shi ne iyaka ta farko. X2 na asali yana tsayawa a wajen juyi 2,500 a minti. Don yanka alminiyum da wuƙa mai kaurin milimita 6, a gudun yanka na mita 100 a minti, lissafi na neman juyi sama da 5,000. Ga baƙin ƙarfe mai taushi juyin ya isa, amma a nan kuma rashin nauyin injin ne ke hana shi cizo mai zurfi. Giyoyin roba da ke cikin kan X2 sun yi suna wajen karyewa idan wuƙa ta cije, shi ya sa da yawa ke maye su da bel, wanda ke rage ƙara ya kuma ƙara gudu.

Sauya wuƙa ma da hannu ake yi, kuma kowace sabuwa sai an auna tsawonta an gaya wa kwamfuta. Idan kan injin bai tsaya cak a kan teburi ba, sai an daidaita shi da agogon awo, in ba haka ba kowace fuska za ta fito da tudu da kwari. Gwajin da aka saba yi bayan an gama shi ne yanka da'ira da siffar lu'ulu'u da murabba'i a kan guntun alminiyum ɗaya, a auna su. Da'irar ce ke tona asirin lako-lako, murabba'in kuma ya nuna ko X da Y sun haɗu a kusurwa madaidaiciya.

Game da kuɗi, abin da masu wannan aiki suka yi ittifaƙi a kai shi ne kayan sauyi kan ci kuɗin da ya kai na injin kansa ko ya zarce, ban da wuƙaƙe da kayan awo da abin matse aiki. Araha kuwa ba ta ado: sukuru mai lanƙwasa ko na'urar tuƙi ta jabu sukan sa a sayi abu sau biyu. Ribar gaskiya tana wuri biyu. Injin zai iya yanka siffar da hannu biyu ba za su iya ba, kuma zai iya maimaita ta sau hamsin iri ɗaya. Sannan wanda ya haɗa shi ya san kowace waya da kowane noti, ba ya jiran injiniya daga wata ƙasa idan ya lalace.

Ƙwarewar ma'aikaci kuma ba ta gushe ba, wuri ta sauya. Wanda bai taɓa jin kukan wuƙar da aka matsa wa ba, ba zai san lambar da zai rubuta ba. Shi ya sa waɗanda suka fara da injin hannu suka fi cin moriyar sauyin.

Dalilin da hukumomi ke sa ido

Injin da ke ƙera sassan wasu injuna makami ne a siyasar duniya. A 1987 aka bankaɗo cewa kamfanin Toshiba Machine na Japan, tare da Kongsberg na Norway, sun sayar wa Tarayyar Sobiyet manyan injunan sassaƙa masu kwamfuta, waɗanda Amurka ta ce sun taimaka wajen ƙera farfelar jirgin ƙarƙashin teku marar ƙara. Cinikin ya saɓa wa dokokin hana fitar da fasaha na ƙasashen Yamma, har shugabannin uwar kamfanin Toshiba biyu suka sauka daga muƙamansu. Tun 1996 yarjejeniyar Wassenaar ce ke tsara fitar da injuna masu tsananin daidaito. Injin teburi da aka sauya a gida bai kai wannan matsayi ba.

Sai dai ƙananan ma sun shiga muhawara. A 2014 ƙungiyar Defense Distributed ta Cody Wilson, a jihar Texas, ta fitar da Ghost Gunner, ƙaramin injin sassaƙa mai kwamfuta da aka yi don kammala sashen bindiga marar lambar rajista. Wannan ya tayar da cece-kuce a Amurka kan ko doka za ta bi inji ne ko kuwa abin da aka ƙera da shi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ba tare da lasisi ba, ko da wane irin kayan aiki aka yi ta.

Inda zancen ya shafe mu

Najeriya ta taɓa yunƙurin ƙera irin waɗannan injuna da kanta. A 1980 gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin Nigeria Machine Tools a Osogbo tare da HMT na Indiya, daga baya aka sayar da shi ga 'yan kasuwa. Duk da haka, injunan da ke wuraren ƙira irin su Panteka a Kaduna ko Suame a Kumasi, mafi yawansu daga waje aka shigo da su, da yawa kuma na hannu ne da suka riga suka yi aiki a wata ƙasa. Ka'idojin da aka bayyana a sama suna aiki a kansu kamar yadda suke aiki a kan na teburi, illa dai moto da sukuru su fi girma.

Wanda zai gwada a wannan yanki yana da ƙarin abu biyu da zai lura da su. Injunan da aka yi wa kasuwar Amurka na volt 120 ne, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce, don haka samfurin Turai ko Asiya ya fi dacewa. Na biyu shi ne ɗaukewar wuta. Idan ta ɗauke a tsakiyar yanka, moto mai taku ya manta inda yake, kuma makunnan iyaka masu kyau ne kaɗai za su ba da damar komawa daidai wurin a ci gaba. Hawa da saukar wutar janareto kuma na iya ƙona na'urorin tuƙi, don haka batirin ko-ta-kwana na kwamfuta da na'urar daidaita wuta suna cikin kasafi tun farko.

Duk lokacin da 'yan siyasa suka yi alkawarin farfaɗo da masana'antu, hankali kan tafi ga manyan ayyuka irin na Ajaokuta. Tarihin wannan fasaha ya nuna cewa ƙananan abubuwa ma suna yanke hukunci: harajin da ake ɗora wa sukuru da moto a tashar jiragen ruwa, ko kwalejin fasaha tana barin ɗalibai su ƙwance injin da ya mutu ko tana kulle shi a ɗaki, da kuma ko manhajar da ake koyarwa ta jama'a ce ko ta haya. Waɗannan tambayoyi ne da matashi zai iya yi wa ɗan majalisarsa ko shugaban makarantarsa, kuma amsarsu ce za ta nuna ko maƙerin gida zai rubuta wa injinsa umarni da kansa.